Idan Harkar Tsaro Sirri Ce, Me Ɗan Majalisa Yake Bincikawa?

Tambaya: Kullum muna jin kwamitin tsaro na majalisa ya gayyaci hafsoshin soja ko ministan harkokin waje, a shiga zaman sirri a fito, ba mu ga abin da ya canja ba. Tun da shugaban ƙasa ne babban kwamandan askarawa, kuma komai na tsaro an ce sirri ne, shin ɗan majalisa yana da wani iko na gaske a kan soja da leƙen asiri da hulɗa da ƙasashen waje, ko dai suna ne kawai?

Amsa: Malam, ikon yana nan, sai dai ba a inda yawancin mutane suke nemansa ba. Ɗan majalisa ba ya ba soja umarni, ba ya zaɓar inda za a kai hari, ba ya zama a teburin sulhu da wata ƙasa. Wannan aikin ɓangaren zartarwa ne, kuma haka ya kamata, don ba a jan ragamar yaƙi da mutum ɗari uku. Abin da ke hannunsa shi ne izini, da kuɗi, da ikon tilasta wa gwamnati ta faɗi magana a rubuce, inda gobe ba za ta iya cewa ba ta faɗa ba. Wanda ya fi jan hankalin jama'a a cikinsu, wato ƙuri'ar a tafi yaƙi ko kada a tafi, shi ne mafi rauni. Da shi zan fara.

A watan Agusta na 1964 gwamnatin Amurka ta shaida wa majalisa cewa an kai wa jiragen ruwanta hari a mashigin Tonkin da ke gaɓar Biyetnam, ta nemi izinin mayar da martani. Majalisar wakilai ta amince, mutum 416 babu ko ɗaya da ya ƙi. A majalisar dattawa 88 suka amince, biyu kacal suka ƙi, Wayne Morse da Ernest Gruening. Daga baya ta bayyana cewa hari na biyu, wanda aka kafa hujja da shi, da wuya a ce ya ma faru. Da wannan ƙuduri aka shiga yaƙin Biyetnam gadan-gadan. Sanata William Fulbright, wanda shi ya jagoranci amincewa da ƙudurin, shi ne ya dawo a 1966 yana titsiye jami'an gwamnati a gaban talabijin, amma a lokacin bakin alƙalami ya bushe. Haka aka sake yi ranar 14 ga Satumba 2001, kwana uku bayan harin da aka kai Amurka: majalisar wakilai ta ba da izinin amfani da ƙarfin soja, 420 da 1. Barbara Lee ce kaɗai ta ƙi, ta sha zagi da barazana a kai. Jimlar da ke ɗauke da izinin kalma 60 ce, babu wa'adi a cikinta, babu iyakar ƙasa. Da ita aka yi yaƙi a Afganistan, aka kai hare-hare a Yaman da Somaliya, har aka yaƙi ƙungiyar IS wadda babu ita ranar da aka kaɗa ƙuri'ar.

Me ya sa majalisa take yin laushi a irin wannan rana? Duk bayanin da za ta yi hukunci da shi daga hannun mai neman izinin ya fito. Lokaci ya ƙure, jini ya hau, galibi ma soja sun riga sun hau jirgi. Wanda ya ce a dakata sai a ce ba ya kishin ƙasa. A Birtaniya ranar 18 ga Maris 2003 'yan majalisa 412 suka goyi bayan yaƙin Iraƙi, 149 suka ƙi, bisa bayanan makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba. Sai a 2016 rahoton kwamitin Chilcot, wanda ya binciki shigar Birtaniya yaƙin, ya fito ya warware yadda aka yi, shekara 13 bayan an gama aika-aika.

Akan samu ranar da majalisa take cijewa, ban musa ba. Ranar 1 ga Maris 2003 majalisar Turkiyya ta hana sojan Amurka bi ta ƙasarta su shiga Iraƙi. Masu amincewa sun fi yawa, 264 da 250, amma ba su kai rinjayen da doka ta nema ba. Ranar 29 ga Agusta 2013 majalisar Birtaniya ta ka da Firaminista David Cameron a kan kai wa Siriya hari, 285 da 272, kuma ya haƙura. A Najeriya, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Shugaba Tinubu ya rubuta wa majalisar dattawa matakan da ECOWAS ke shirin ɗauka, ciki har da na soja, sanatoci suka fito daga zaman sirri ranar 5 ga Agusta suka ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a tura soja fagen daga a wajen ƙasa sai da amincewar majalisar dattawa tukuna, illa in barazana ta taso gab da gab, nan ma a nemi izini cikin kwana 7 da fara faɗa. Don haka maganar tasu tana da nauyi. Amma dubi abin da ya biyo bayan na Birtaniya: a Afrilun 2018 Firaminista Theresa May ta kai wa Siriya hari majalisa tana hutu, ba ta nemi ƙuri'ar kowa ba, don abin da ya ɗaure Cameron al'ada ce kawai, ba doka ba.

Saboda haka ɗan majalisar da ya san aikinsa ba ya ƙare ƙarfinsa a kan "e" ko "a'a". Faɗansa a kan abin da aka rubuta a takardar izinin ne. Kwatanta Jamus da Faransa, waɗanda dukansu suka tura soja Mali. A Jamus, tun hukuncin kotun tsarin mulki na 1994 da dokar 2005 da ta biyo baya, gwamnati sai ta rubuta wa majalisa aikin da za a yi, da yankin, da iyakar adadin soja, da tsawon lokaci, da kiyasin kuɗi. Galibi izinin na shekara ɗaya ne. Yana ƙarewa dole minista ya dawo ya sake roƙo, kuma majalisa tana da ikon janye shi a tsakiya. A Faransa kuwa, gyaran kundin tsarin mulki na 2008 ya ce a sanar da majalisa cikin kwana 3, in aikin zai wuce wata 4 a nemi izininta. Amma izinin sau ɗaya ne, ba shi da ranar ƙarewa. Sojan Faransa sun shiga Mali a Janairun 2013, majalisa ta amince a Afrilu, aikin ya rikiɗe ya zama rundunar Barkhane a 2014, ya bazu cikin yankin Sahel har 2022, ba a sake dawowa neman sabuwar ƙuri'a ba. Bambancin layi ɗaya ne, layin wa'adi. Wanda ya yi nasarar cusa wannan layin ya fi mai jawabin awa guda amfani.

Yanzu mu zo ga kuɗi, inda a ganina kashi mafi girma na aikin yake, kuma inda 'yan majalisa suka fi gudu saboda babu kyamara a wurin.

Asalin ikon majalisa a kan soja ma daga nan ya samo tushe. Tun 1689 dokar Ingila ta haramta wa sarki riƙe rundunar soja a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba, kuma har yau duk shekara biyar sai an yi sabuwar dokar da ta halatta ladabtar da sojan Birtaniya. Soja ba ya motsi sai da mai da albashi da harsashi, waɗannan kuwa ba sa fita daga baitulmali sai da dokar kasafi. Gwamnatoci sun san haka, shi ya sa dabarun kaucewa suka yi yawa. Akwai dunƙule kuɗi a layi ɗaya a rubuta "ayyuka na musamman". Akwai ƙwarya-ƙwaryar kasafi da ake kawowa a ce a amince cikin kwana biyu don abokan gaba suna bakin ƙofa. Akwai asusun da ke gefe, wanda bai bi ta kasafi ba sam. A Najeriya akwai kuɗin tsaro da ake ba gwamnoni da wasu manyan jami'ai ba tare da an bi sawunsu ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta kiyasta a 2018 cewa ya kai kusan dala miliyan 670 a shekara. A shekarar ce kuma Shugaba Buhari ya cire dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai ya biya Amurka kuɗin jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, sannan ya rubuta wa majalisa yana neman amincewa, da hujjar cewa wa'adin biya ya matso. Wasu sanatoci har maganar tsigewa suka tayar, ƙura ta lafa, jiragen suka iso a 2021. Ko jiragen sun yi amfani ko ba su yi ba, wannan wata magana ce daban. Abin lura shi ne duk ranar da majalisa ta sa hannu a kan kuɗin da aka riga aka kashe, ta koya wa gwamnati mai zuwa cewa ana iya yi.

Jamusawa sun toshe wannan ƙofa da wata ƙa'ida mai sauƙi: duk cinikin kayan soja da ya haura yuro miliyan 25 sai ya zo gaban kwamitin kasafi shi kaɗansa kafin a rattaba hannu, ko da kuɗinsa yana cikin kasafin da aka riga aka amince da shi. Ana kukan tana jawo jinkiri, kuma da gaskiyar masu kukan. Ni dai na fi son jinkirin da ake gani a kan saurin da ba a san inda ya nufa ba.

Bari in nuna maka yadda aikin yake a kan tebur. Takardu uku ake jerawa. Ta farko abin da majalisa ta amince a kashe bara. Ta biyu abin da ma'aikatar kuɗi ta saki a zahiri. Ta uku abin da ya iso rumbun ajiyar soja, da sa hannun wanda ya karɓa. Ka ce an amince a sayi motocin sulke, an saki kuɗin duka, takardar karɓa ta nuna rabi suka iso. To ina sauran? In an ce suna hanya, wace tashar jirgin ruwa, wace rana? In kuma kuɗin ne ba a saki ba, ashe laifin ba na hafsoshi ba ne, a kira ministan kuɗi. Sai a juya ga waɗanda suka iso: nawa ne suke tashi yau? Nan ne ake kama babbar ɓarna, domin kuɗin sayen jirgi ko tanka ƙaramin kaso ne na abin da zai ci a tsawon rayuwarsa. Kayan gyara, horar da matuƙa da makanikai, harsasai, mai, duk suna biyo baya shekara da shekaru. 'Yan kwangila sun fi son a sayi sabo, don a nan kaso yake, gyara kuwa babu mai yi masa kamfe. Shi ya sa za ka ga ƙasa tana da jirage a takarda, a fili kuwa suna jibge an cire kayan wannan an gyara wancan. Tambaya ɗaya, "cikin waɗanda muka saya nawa ne za su iya tashi gobe da safe", ta fi gayyatar hafsan hafsoshi sau goma.

Ɗan majalisa ba akanta ba ne, kuma ba a bukatar ya zama. Abokin aikinsa babban mai binciken kuɗi na ƙasa ne da kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda a ƙasashe da dama ake ba ɗan adawa shugabancinsa da gangan. Kada kuma ka ɗauka matsalar ta ƙasashe matalauta ce kaɗai. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fara fuskantar cikakken binciken kuɗi a 2018, kuma daga nan har 2024, shekara bakwai a jere, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Bambancin shi ne a can an sani, an buga, ana kiran jami'ai suna amsawa. A Nijar, binciken da ya fallasa a 2020 cewa sama da sefa biliyan 70 sun salwanta a kwangilolin kayan soja daga cikin ma'aikatar tsaron ya fito. Haka zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai a Najeriya a 2015, kwamitin da fadar shugaban ƙasa ta kafa ne ya tono shi. A duka biyun akwai kwamitocin tsaro na majalisa suna zama a shekarun da ake magana a kai. Wannan ya isa ya sa mai tambaya irinka ya yi shakka.

Sai batun sirri, wanda shi ne ginshiƙin tambayarka. Akwai abin da sirri ne da gaske: ranar da za a kai farmaki, hanyar da ayari zai bi, sunan wanda ke kawo bayani daga cikin abokan gaba, irin na'urar da ake saurare da ita. Ɗan majalisar da ya nemi waɗannan a bainar jama'a, ko ya ji ya fesa wa 'yan jarida, ya cuci sojan da ke daji, ya kuma ba gwamnati hujjar rufe ƙofa gobe. Amma jimillar abin da aka kashe, da dokar da aka dogara da ita aka tsare mutum, da adadin fararen hular da bam ya faɗa wa bisa kuskure, da dalilin da ya sa alawus bai kai ga soja ba, waɗannan ba abokan gaba ake ɓoye wa ba, masu biyan haraji ake ɓoye wa. Rabin gwanintar ɗan kwamitin tsaro ita ce rarrabe sirrin da ke kare ƙasa da sirrin da ke kare wani babba daga jin kunya.

Ƙasashen da suka ɗan ci gaba a wannan fanni ba su kai nan ba sai da asiri ya tonu. A 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta ƙulla makircin kashe shugabannin wasu ƙasashe, ciki har da Patrice Lumumba na Kongo da Fidel Castro na Kuba, hukumar FBI kuma ta yi shekaru tana bibiyar Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Daga nan aka kafa kwamitocin dindindin na sa ido kan leƙen asiri, na dattawa a 1976, na wakilai a 1977. Birtaniya sai a 1994 ta kafa nata, mai mutum tara daga majalisun biyu. Tsarin ko'ina kusan ɗaya ne: 'yan kaɗan su ga komai a madadin sauran, su rantse ba za su faɗa ba, su fitar da rahoton da aka share wasu sassansa.

Tarkon yana cikin tsarin kansa. Na sha ganin irin zaman nan. A karɓe wayoyi a bakin ƙofa, a rage haske, wani hafsa mai sanda a hannu ya yi ta nuna taswira da hotunan makaman da aka ƙwato har lokaci ya kusa ƙarewa. A ce saura minti goma na tambayoyi. Shugaban kwamiti ya cinye biyar wajen yaba wa jaruman sojojinmu. A fito, kowa yana jin an girmama shi, an saka shi cikin manya. Abin da ya faru a zahiri shi ne an ɗaure masa baki: jiya yana iya tsayawa a zauren majalisa ya yi tambaya a kan abin da ya karanta a jarida, yau in ya yi sai a ce ya fallasa abin da aka gaya masa a ɓoye. Gobe kuma in abu ya lalace gwamnati ta ce ai mun sanar da majalisa. Shi ya sa gogaggun 'yan majalisa sukan aika da tambayoyinsu a rubuce kafin zaman, su nace a fara da zaman fili sannan a rufe ƙofa a kan abin da ya cancanta kaɗai, su tabbatar akawu ya rubuta abin da aka faɗa ko da za a kulle rubutun a akwatin ƙarfe. Wasu ma sukan ƙi shiga gaba ɗaya in sun ga za a toshe musu baki ne. Ko rahoton ya kammala ma, fitowarsa wani yaƙin ne. Rahoton kwamitin Sanata Dianne Feinstein kan azabtar da fursunoni da CIA ta yi ya haura shafi 6,000, amma taƙaitawa mai shafi kusan 500 aka saki a Disambar 2014. Rahoton kwamitin Birtaniya kan katsalandan ɗin Rasha an miƙa shi ga firaminista a Oktoban 2019, bai fito ba sai Yulin 2020, bayan an gama zaɓe.

Wani lokacin kuma ba a ɓoye komai ba, karatu ne ba a yi ba. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa ayarin sojan Amurka da na Nijar kwanton ɓauna a ƙauyen Tongo Tongo na Nijar, Amurkawa huɗu suka mutu tare da 'yan Nijar. Sanata Lindsey Graham, ɗan kwamitin kula da rundunonin soja, ya fito a talabijin ya ce bai san ƙasarsa tana da soja masu yawa haka a Nijar ba. Alhali sunan Nijar da adadin sojan suna cikin wasiƙun da fadar shugaban ƙasa take aika wa majalisa a kai a kai, bisa dokar ikon yaƙi ta 1973.

Yadda ake tsara tambaya ma fasaha ce. Wanda ya tashi ya ce "me gwamnati take yi game da taɓarɓarewar tsaro" ya ba minista kyautar minti goma na jawabi. Wanda ya rubuta "sojoji nawa ne a rundunar kaza suka wuce wa'adin da doka ta tanada a fagen daga ba a canja su ba, zuwa ƙarshen watan jiya" ya bar wa minista hanya uku: ya faɗi adadin, ko ya ce sirri ne ya kawo dalili, ko ya ce ma'aikatarsa ba ta da lissafin. Kowacce ya zaɓa an samu abin riƙewa, ta ukun ma ta fi tsanani. Bayan wata shida a sake aika tambayar, kalma da kalma, a jera amsoshin biyu. Kusan duk babban abin da wani ɗan majalisa ya taɓa tonowa ta wannan hanya mai gundura ya bi.

A harkar waje hannun majalisa ya fi gajarta, don tattaunawa da wata ƙasa murya ɗaya take so. Inda take da ta cewa shi ne yarjejeniya. A Amurka sai kashi biyu bisa uku na dattawa sun yarda, kuma da haka suka ƙi yarjejeniyar Versailles bayan yaƙin duniya na farko. A Najeriya sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka. A Birtaniya dokar 2010 ta ce a ajiye ta gaban majalisa kwana 21 na zama. Dabarar da gwamnatoci suka gano ita ce canja wa takardar suna, a ce ai wannan fahimtar juna ce kawai, ba yarjejeniya ba. Da haka Birtaniya ta ƙulla shirin kai masu neman mafaka Ruwanda a Afrilun 2022 ba tare da bin waccan doka ba. Da haka gwamnatin Gana ta karɓi 'yan Yaman biyu daga kurkukun Guantanamo a Janairun 2016, sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yunin 2017 cewa sashe na 75 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya wajabta a kai wa majalisa, ko da wane suna aka kira takardar. Mafi yawan sansanonin sojan ƙetare da kariyar da ake ba sojan baƙi daga shari'a a irin waɗannan takardu suke ɓuya, don haka su ne abin da ɗan kwamitin harkokin waje zai fara nema a gani. Tantance jakadu kuwa, inda ake yi, yawanci biki ne, a ce mutum ya rusuna ya wuce. Tafiye-tafiyen da wata ƙasa take ɗaukar nauyi, su kuma a yi hattara, don wanda ya biya kuɗin jirgi shi yake zaɓar abin da za a gani.

Akwai wani gefe da ake mantawa, shi ne ƙaramin soja. Shi ne ya san ko takalmi ya zo, ko harsashi ya isa, amma doka ta hana shi magana da 'yan jarida, in ya kai ƙara kuma ta hannun wanda yake ƙara za ta bi. Ziyarar da kwamiti yake kaiwa bariki bayan an sanar mako biyu kafin nan fenti kawai take gani. Jamus tun 1956 ta tanadi wani jami'i na majalisa, wanda take zaɓa na shekara biyar, kowane soja yana iya rubuta masa kai tsaye ba tare da ya bi ta kan na gaba da shi ba, shi kuma yana iya faɗawa kowane bariki ba sanarwa. Duk shekara yana fitar da rahoto a fili, har da ƙarancin kayan sanyi da lalacewar banɗaki.

To me yake kashe aikin, tun da kayan aikin suna nan? Jam'iyya da kwaɗayi. Masu rinjaye a kwamiti 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa ne, kuma mai son a sake ba shi takara ba ya son ya zama shi ne ya kunyata gwamnati. Afirka ta Kudu ta nuna duka biyun a lokaci guda. A 1999 ta ƙulla cinikin jiragen yaƙi da na ruwa na kusan rand biliyan 30. Patricia de Lille ta tashi a majalisa a Satumbar shekarar da zargin cin hanci, kwamitin bin diddigin kuɗi ya nemi a yi cikakken bincike. Andrew Feinstein, jagoran 'yan jam'iyyar ANC mai mulki a kwamitin, da ya nace sai aka sauke shi, ya bar majalisar a 2001. Tony Yengeni kuwa, wanda ya shugabanci kwamitin tsaro lokacin da ake cinikin, a 2003 ya amsa laifin zamba a kan ragin da aka yi masa na wata motar Marsandi daga kamfanin da ke da alaƙa da masu neman kwangilar. Ba sai an kai ga mota ba ma. Ɗan majalisar da ya roƙi gurbin ɗaukar yaransa aikin soja, ko ya nemi a ba shi masu gadi, ko ya tura kamfanin ƙaninsa neman kwangilar abinci, ya gama yi wa wannan hafsan tambaya mai zafi har abada. Ga kuma yawan canjin fuska: fannin nan yana ɗaukar shekaru kafin mutum ya gane inda ake ɓoye abu, yana fara ganewa zaɓe ya zo ya tafi da shi, hafsoshi da manyan sakatarori kuwa suna nan. Kwamitin da ba shi da ƙwararrun ma'aikata na dindindin duk bayan zaɓe daga farko yake farawa.

Ka ce ana shiga zaman sirri a fito ba ka ga canji ba. Wurin da za ka duba shi ne bayan zaman. Kwamitin ya fitar da rahoto a rubuce? Ya ɗaura wa wani kuɗi sharaɗi, ya ce ba za a saki kaso na biyu ba sai an kawo shaidar na farko? A Birtaniya al'ada ta ɗora wa gwamnati ta amsa shawarwarin kwamiti a rubuce cikin wata biyu, ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta karɓa ko ta ƙi. A majalisu da yawa babu wannan tanadi, rahoto yana shiga kabad shi ke nan. Gyara shi kuwa ba ya bukatar taɓa kundin tsarin mulki ko sa hannun shugaban ƙasa, ƙa'idojin zaman majalisa ne, waɗanda 'yan majalisar da kansu suke rubutawa, kuma suna iya gyarawa a zama ɗaya.